Shekarar da Aka Auna Hannun Babanku

Na san abin da aka gaya muku a gidan Baba Mudi, domin ni ma an faɗa a gabana ba sau ɗaya ba. An ce ni na raba mahaifinku da aikinsa, na kawo wata mata 'yar ƙasa ta sa masa zobe a yatsa, daga ranar komai namu ya watse. Ke Zainabu kina da wayo a lokacin, kin ga wani abu da idonki, amma Nasiru da Bilki ba su san komai ba sai abin da suka ji a bakin manya. Yanzu ƙarfina ya ja baya, idona ma haka, shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin ya faru. Da Hausa zan rubuta, ko da sai kun nemi mai taya ku karantawa, tunda ku Faransanci ya fi zama a bakinku. Ni ban iya kuka da Faransanci ba.

A Adjamé muke zaune a lokacin, bayan Mairie, wato ofishin magajin gari, cikin babban gidan hayar da Alhaji Mudi, yayan babanku, ya kama tun zuwansu daga ƙasar Katsina. Mazan gidan duk nama suke yi, wasu a mayanka, wasu a kan tebur a kasuwa. Babanku Habu ne kaɗai ya yi boko mai nisa, ya koyi ɗaukar hoton ƙashi, ya sami aiki a wata kilinik ta kuɗi a Treichville. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan mai ita ba, patron kawai muke ce masa. Ni kuwa ina da rumfar atamfa da shadda kusa da silimar Roxy. Kullum da sassafe babanku zai ninke farar rigarsa a leda, ya hau mota ya ƙetare gada, ya dawo bayan la'asar yana warin sabulun asibiti. Alhaji Mudi ba ya kiran sunansa a gaban baƙi, sai dai ya ce dokotoronmu. Duk wanda ya karye a unguwa, Bahaushe ne ko Bajula, ƙofar ɗakinmu yake fara bugawa.

Aikin nasa iri biyu ne. Akwai hoton da ake ɗauka shi yana tsaye bayan bango, wannan ba shi da matsala. Akwai kuma wani tsohon inji da suke ce wa sikofi, mai nuna ƙashi a kan allo kamar talabijin yayin da likita yake ɗora karaya. Haske ne yake ratsa jiki, hasken da ido ba ya gani, fata ba ta jin zafinsa, su suna ce masa reyon. Dole wani ya riƙe ƙafar ko hannun da ya karye a ƙarƙashin hasken har likita ya gama, kuma Habu ne mai riƙewa. A garin da direbobin gbaka, motocin hayar nan, ke tuƙi yadda kuka sani, karaya ba ta yankewa. Akwai safar hannu ta dalma da ya kamata ya sa, amma ta tsage tun kafin ya zo, ga nauyi, in ya sa ta ba ya jin ƙashin da yake riƙe da shi. Sai ya riƙa aiki da hannu tsirara. Yara ma da ke ihu, in ya riƙe su sai su yi laushi, har likitan ba ya son kowa ya taya shi sai Habu.

Ba wai ba a auna shi ba ne. Yana da wani ɗan abu kamar kwalin ashana da yake maƙalawa a ƙirji, ƙarƙashin rigar dalma, suna ce masa dozimet. Lokaci-lokaci a karɓa a tura inda ake karantawa, a dawo a ce lafiya lau. Da wannan yake rufe mini baki. Na fara ganin gashin bayan hannunsa ya zube, fatar ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar ta tsoho, alhali bai kai arba'in ba. Daga baya farcensa ya riƙa tsagewa a tsaye, ƙananan ƙuraje masu tauri suka fito a gaɓoɓin yatsu. Na shafa masa man kaɗanya, na shafa man shanu, na sayo mai a farmasi. In na yi magana sai ya taɓa ƙirjinsa ya ce:

"Maman Zainabu, abin Turawa yana nan yana gadi. Da akwai matsala da shi zai fara faɗa. Sabulu ne kawai."

Shekarar da ta biyo bayan rabewar ƙasar nan biyu, ita ce shekarar da nake son ku sani. Wata Asabar babanku ya biyo ta rumfata ya tarar ina auna wa wata mata yadi. Madam Akisi sunanta, 'yar ƙabilar Baule ce, ta daɗe tana sayen shadda a wurina, ban taɓa tambayarta aikinta ba. Ya miƙo hannu ya taya ni ninke yadin, sai na ga matar ta daina kallon shadda.

"Misye, ka yi haƙuri da tambaya," ta ce. "A ina kake aiki?"

Ya gaya mata. Ta ce ya juya hannun, ya juya. Ta tambaye shi ko yana sa hannu cikin hasken, ya yi dariya ya ce to wa zai sa in ba shi ba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce aikinta ke nan, auna irin wannan haske a wani ɗakin bincike na gwamnati. Ta ce abin da ke ƙirjinsa labarin ƙirji kawai ya sani, kuma ƙirjin yana bayan dalma. Ba wanda ya taɓa tambayar yatsun.

Bayan kwana biyu ta dawo da zobe biyu na roba. A cikin kowanne akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta bayyana mini da Faransanci mai sauƙi, tana haɗawa da Julanci in ta ga na ɓace. Dutsen yana shan hasken yadda fata take sha, yana riƙewa. In ya yi wata guda a yatsa, za ta sa shi a inji ta gasa shi, sai ya amayar da hasken, ta auna yawansa, ta san abin da fatar ta sha. Na kai zoben gida a ƙulle a bakin zanena. Habu ya dube su a tafin hannuna ya daɗe bai taɓa ba.

"In na sani, sai in yi yaya?" ya ce.

"Ka dai sani tukuna, Malam."

"Yanzu ina tashi in tafi aiki hankalina kwance. Kina so ki ɗauke mini wannan ma?"

Na ce masa jiya na ga jini a bakin butar da ya yi alwala. Na ce ba zan iya ci gaba da wanke jini a hannun rigarsa ina cewa sabulu ne ba. Na matsa masa, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Na daina yi masa hira, na daina zama in ya zauna cin abinci, har ranar da ya miƙo hannu na sa masa. Ya naɗe su da filasta don kada patron ya gani, ba wanda ya lura, tunda dama yatsun ba sa rabuwa da filasta.

Ranar da Madam Akisi ta kawo amsa, a rumfata muka haɗu da rana tsaka, yaran mota suna ihun Abobo, Yopougon a bayanmu. Ta ƙi zama a kan benci. Ta ce abin da fatar yatsunsa ta sha a wata ɗayan nan ya wuce abin da aka yarda ma'aikaci ya sha a shekara guda, kuma hannun dama ya fi muni. Ta ce tana zaton injin ma ya lalace, yana fitar da fiye da yadda ya kamata, har a kan marasa lafiyar da ake kwantarwa ƙarƙashinsa.

"To, na shekarun baya fa?" Habu ya tambaya.

"Wannan ba mai iya auna shi yanzu. Ya riga ya shiga, kuma ba ya fita."

"In na daina yau, hannun zai warke?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce zai daina ƙaruwa, iyakar abin da za ta iya yi masa alkawari ke nan. Ta ce wannan miki na babbar yatsa lalle likitan fata ya yanki kaɗan ya duba. Ta ce tana iya rubuta wa hukuma a zo a duba injin, amma sai da yardarsa, domin sunansa zai fito. Sannan ta dafa kafaɗata ta ce yako, kalmar da mutanen nan ke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa. Babanku kuwa yana tsaye da ransa.

Washegari bayan azahar, da labari ya kai masa, Alhaji Mudi ya tara mu a ƙofar ɗakinsa. Ku tuna wace shekara ce. Hanyar arewa ta toshe, shanu ba sa saukowa kamar da, mazan gidan suna wuni a mayanka su dawo hannu wofi. Albashin Habu ne yake sa tukunyar gidan nan tafasa, ba tamu kaɗai ba. Ga jandarmomi a kowace mararraba suna neman takardar zaman baƙi, in sun ji sunan Musulmi su ce ka sauko daga mota. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ɗauka Baba Mudi mugu ne. Tsoro yake ji, kuma yana da dalili.

"Habu, kai baƙo ne," ya ce. "Za ka kai ƙarar likita ɗan ƙasa a wannan lokaci? Mutumin da ya biya maka kuɗin sunan Bilki? Wannan ciwo jifa ne, na ga irinsa a gida. In hanya ta buɗe mu tafi da kai, akwai mai magani."

Na ce, "Yaya, ba jifa ba ne. An auna."

"Wa ya sa bakinki? Wa ya auna? Ke kin ga hasken da idonki?"

"Ban gani ba. Na ga hannun."

"To ki ci gaba da ganin hannun. Ranar da abinci ya yanke a gidan nan ki dafa musu awon."

Aka watse. A ɗaki Habu ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannuwan a gwiwa. Na ɗauka zancen kansa zai yi, sai ya ce mini akwai wata yarinya da aka kawo a makon nan da karayar cinya, an daɗe ana gyara ta a ƙarƙashin injin, shi ya riƙe ta, tana kiransa tonton, wato kawu. Ya ce tun jiya ita yake gani. Ku riƙe wannan da kyau. Ni na sa ya sa zobe, amma zuwa wurin patron shi ya yanke da kansa, ban san ma ya tafi da maganar ba sai da ya dawo.

Bai yi faɗa ba. Ya roƙi a sayo safar hannu sabuwa, a kira mai gyara ya duba injin. Patron ya saurare shi har ƙarshe, ya tambayi wa ya ba shi izinin shigo da abin awo na waje cikin kilinik ɗinsa. Sannan ya ce lalle ya ga Habu ya gaji, ya je ya huta har hannun ya warke, za a neme shi. Ba a neme shi ba. Habu ya ba Madam Akisi izini ta rubuta, ta rubuta, ta sake rubutawa. Ƙasa tana yaƙi, ba wanda ya zo duba wani inji a Treichville. Daga baya ita ma ta sami aiki a waje ta tafi. Babanku ya zaga wasu kilinik yana neman aiki, duk inda ya miƙa takardunsa sai su dubi hannun da ya miƙo su da shi.

A gida abin ya fi ciwo. Mazan gidan a kwano ɗaya suke cin abinci tun suna yara. Aka fara ba shi cokali. Bayan ɗan lokaci sai aka riƙa zuba masa nasa daban, wai don kada yaji ya taɓa masa miki. Na ji da kunnena matar wani ƙanensu tana hana ɗanta karɓar alewa daga hannunsa, tana raɗa masa cewa kuturta ce. Mutumin da aka riƙa buga wa ƙofa da asuba, yanzu in ya miƙa hannu a masallaci sai wasu su dafe ƙirji daga nesa. Ruwa ya zama masa azaba, har liman ya ce ya riƙa taimama. Ba wanda ya kore mu, amma ba wanda ya ce mu zauna ranar da na ce za mu tashi. Muka kama ɗaki ɗaya a Treichville kusa da babban asibiti, saboda wankin miki. A shekarar ce, Zainabu, na cire ki daga makaranta kika zauna mini a rumfa. Kin yi kuka kin ce kina son zama ungozoma. Ban manta ba, kuma ba ni da abin da zan ce miki a kan wannan har yau.

Likitan fata ya yanka ya duba, ya ce ciwon daji ne. Aka cire babbar yatsa. Aka zauna kamar an huta, sai ya fito a ta kusa da ita, aka cire. Likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, wasu ma sun san shi tun yana aiki, suna kiransa abokin aiki, shi kuwa wannan kalmar ta fi wuƙar yi masa zafi. Ya koyi cin abinci da hagu yana neman gafarar Allah a kowace loma. Da ƙullutu ya fito masa a hammata aka yi aiki, aka ce sauran sai gashi da haske, kuma a lokacin babu injin gashi a duk ƙasar nan. Na sayar da kayan rumfa muka hau mota zuwa Accra.

A can ne na ga babanku ya yi kuka, sau ɗaya tak a zamanmu. Sun zana masa layi a fata da alƙalami, sun auna, sun sake aunawa. Ranar farko wata ma'aikaciya ta manna masa wasu ƙananan fararen duwatsu a hammata da filasta. Ya gane su nan take. Ya tambaye ta da guntun Turancinsa, ta ce don su tabbatar fatar ba ta sha fiye da abin da likita ya rubuta ba. Sannan kowa ya fita, suka rufe wata ƙofa mai kauri kamar bango, suka bar shi shi kaɗai da injin. Da ya fito muka zauna a inuwa, ya ce:

"Kin ga yadda suka gudu kafin su kunna? Ba wanda ya tsaya ya riƙe ni. Haka ake yi, Balaraba. Ashe haka ake yi."

Tun aurenmu bai taɓa kiran sunana tsirara ba sai ranar.

Gashin ya ba mu ɗan lokaci. Fatar hammatar ta yi baƙi ta saɓule, ta warke, ya dawo yana zama a ƙofar ɗaki yana koya wa Nasiru lissafi. Daga baya ciwon ya koma huhu. Ya zo daidai da rikicin bayan zaɓe, lokacin da aka rufe gadoji, farmasi suka zama wofi, harbi ba ya tsayawa. Na bi lungu-lungu da takardar magani a hannu ina neman abin kashe zafi, ban samu ba. Sai ruwan ɗumi da addu'a. Yana cizon matashi don kada ku ji. Ya rasu da hantsi, ranar wata Talata, kansa a cinyata. Maƙwabta ne suka yi masa wanka, wani tela Bayarabe da wasu Julawa biyu. Baba Mudi yana Adjamé, ba halin ƙetarowa. Da hanya ta buɗe ya zo, ya zauna a tabarma ya yi kuka kamar yaro, kuma da zai tashi ya ce da an bar shi ya kai Habu gida da yanzu yana nan.

Kuna iya tambayata ko awon ya amfane mu da wani abu. Na daɗe ina juya wannan a raina. Bai ceci yatsa ko ɗaya ba, bai sa an gyara inji ba. Da ban kawo zoben ba, wataƙila da ya ƙara wasu shekaru yana ɗaukar albashi, da Zainabu ta gama makaranta, da ya mutu a cikin danginsa ana ce masa dokotoro. Wataƙila kuma da ya mutu tun kafin Bilki ta san fuskarsa. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba sammu ba ne, ba kuturta ba ce, ba kuma ni ba ce.

Bayan na fita takaba na je kilinik ɗin. Ban san me nake nema ba, ina jin so nake wani a can ya san ya rasu. An yi sabon fenti, patron ba ya nan. Na ce ina son ganin mai ɗaukar hoto. Wani magidanci ya fito, ɗan ƙasa ne, fara'a gare shi, dozimet ɗinsa a ƙirji. Na gaya masa ni matar wane ce, ya ce ya ji labarinsa, ya miƙo hannu biyu ya ce yako, maman. Na riƙe hannun ban saki ba. Bayansa ba gashi ko ɗaya, farcen babbar yatsa ya tsage a tsaye. Na tambaye shi ko tsohon injin yana nan, ya ce yana nan, yana aiki sosai. Na gaya masa komai, tun daga zoben har zuwa Accra, da Faransancina na kasuwa, a tsaye a baranda marasa lafiya suna kallonmu. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya zare hannunsa a hankali ya zura a aljihun farar rigarsa.

"Maman, na ji," ya ce. "'Ya'yana huɗu."

Aka kira shi daga ciki, an kawo wani yaro da ya faɗo daga bene. Ya ce in gaida gida, ya shiga.